Ƙorafi Kan Sifilin da Aka Ba Naja'atu Zulkifilu Furana

Ƙungiyar Haɗin Kai ta Mata Masu Man Gyaɗa, Albarkar Hannu,
Bakin Kasuwa, Gubuchi,
Ƙaramar Hukumar Makarfi,
Jihar Kaduna.

Talata, 14 ga Oktoba, 2025.

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Tsangayar Kimiyyar Gudanarwa,
Jami'ar Rafin Kanya, Harabar Ikara.

Ta hannun:
Shugaban Sashen Gudanar da Kasuwanci.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: SIFILIN DA AKA BA ƊALIBA NAJA'ATU ZULKIFILU FURANA A AIKIN SANIN MAKAMAR AIKI, DA ROƘON A SAKE DUBAWA KAFIN ZAMAN MAJALISAR JAMI'A NA 30 GA OKTOBA

Bayan sallama da gaisuwar ban girma, ina fata wannan takarda ta sami Farfesa cikin ƙoshin lafiya, shi da iyali da dukkan ma'aikatan tsangaya. Allah ya ƙara girma, ya taya riƙo.

Sunana Zakiyyu Lawal Gubuchi, manajan ƙungiyar da aka ambata a sama. Ni tsohon ɗalibin wannan sashe ne, na kammala digirina a shekarar 2017, kuma Farfesa da kansa ya koyar da ni a aji uku. Ba na sa ran ya tuna da ni, don kuwa a kujerar baya nake zama kuma ban taɓa ɗaga hannu ba. Na ambaci haka ne domin a san cewa ba baƙo ne ke ƙorafi ba, ɗan gida ne wanda ya gaji da hawa da saukar matakalar tsangaya.

Ranar Litinin, 5 ga Mayu, sashe ya turo mana ɗaliba Naja'atu Zulkifilu, 'yar aji huɗu, 'yar asalin Furana, domin ta yi aikin sanin makamar aiki na wata huɗu. Ta yi, ta gama ranar 29 ga Agusta. Da sakamako ya fito sai aka ga an ba ta sifili, bisa rahoton malamin da ya zo duba ta, Dakta Salman, wanda ya rubuta layi ɗaya tak: “Ban same ta a teburin aikinta ba.” Wannan darasi kaɗai ya rage mata. Idan majalisar jami'a ta zauna ranar 30 ga wannan wata ba tare da an gyara ba, 'yan ajinta za su tafi bautar ƙasa, ita kuwa ta maimaita shekara guda cur. Ga ƙorafina bi da bi.

1. Sashe bai tambayi yadda muke aiki ba kafin ya yanke hukunci.

Membobin ƙungiyarmu mata ne, a Gubuchi da ƙauyukan da ke kewaye. A cikin gidajensu suke soya gyaɗa, su matse mai, su soya ƙuli-ƙuli. Ƙungiya tana tattara man ta zuba a kwalabe ta kai wa wani babban ɗan kasuwa a Zariya. Abin da muke kira ofis ɗaki ne guda a bakin kasuwa inda ake ajiye jarkoki, ba a matsar ko cokali ɗaya na mai a cikinsa.

Farfesa ya san gidajenmu, kuma ya san iyakar namiji baƙo zaure ne. Ni da ake kira manaja, shekara shida ke nan ina sayar da man da ban taɓa ganin inda ake matsarsa ba, sai a gidanmu da gidan ƙanwata. Idan ina da magana da mata, maigida nake faɗa wa a ƙofar gida. Shi kuma ya shiga ya faɗi abin da ya tuna, a lokacin da ya tuna, bayan ya rage wanda yake ganin zai jawo masa surutu. Na ce a rage wuta, saƙo ya isa cewa manaja yana gaisuwa. Haka muka daɗe muna yi, kuma a bara sau biyu mutumin Zariya yana dawo mana da kaya, yana cewa wata kwalbar fes, wata kuma baƙa mai ƙauri. Na yi taro da mazaje har muryata ta dishe, ban gano daga ina matsalar take ba.

2. Ba a duba aikin da ɗalibar ta yi ba.

Naja'atu ce ma'aikaciya ta farko a tarihin ƙungiyar da ke iya yin sallama ta wuce zaure. Makon farko da takalmi mai tsini da littafi a hannu ta shiga, kamar yadda aka koya mata. Matan suka shimfiɗa mata tabarma, suka kawo mata fura, suka amsa kowace tambaya da lafiya lau, ta fito ba ta ƙaru da komai ba. Ita da kanta ta gane, ba ni na gaya mata ba. Mako na biyu ta bar littafin a jaka, ta ɗaura zane, ta zauna a gindin turmi tare da Inna Kulu, shugabar matan, aka yi ta tsokanarta cewa 'yar boko ba ta iya riƙe taɓarya ba. Ta jure tsokanar, ta koya, har hannunta ya yi kanta.

A can ta ga abin da ni ba zan taɓa gani daga zaure ba. Idan mata sun gama soya ƙuli-ƙuli, man da ya rage a kasko sai su juye shi cikin sabon man da aka matse, don a wurinsu ajiye shi gefe ɓarna ce, kuma haka iyayensu suka yi. Shi ne ƙaurin da ake dawo mana da kaya a kansa. Ba ta hana su ba, ta san ba za su hanu ba. Gida-gida ta bi ta shawo kansu a riƙa ware jarka biyu, sannan ta samo kasuwar man da aka yi suya da shi wurin masu ƙosai da masu awara na Makarfi. Ta kuma raba gidajen rukuni-rukuni, kowane rukuni da ranar da za a ɗauki mansa, aka daina rububi a ƙofar ofis. Daga watan Yuli zuwa ƙarshen Agusta ko kwalba ɗaya ba a dawo mana da ita ba.

Ranka ya daɗe, a aji uku Farfesa ya koya mana tabbatar da ingancin kaya da kuma tafiyar da jama'a. Misalan da ke cikin littafin duk na kamfanonin ƙera motoci ne na ƙasashen waje, amma in na fahimci darasin, abin da yarinyar nan ta yi ke nan. Duk na rubuta wannan a rahoton da na ba ta na ƙarshen aiki. An gaya mini ba a buɗe rahoton mai masauki irin nawa idan malami bai sa hannu cewa ya ga ɗalibi ba.

3. Abin da ya faru ranar ziyara.

Ranar Alhamis, 21 ga Agusta, da hantsi, Dakta Salman ya iso ofishinmu ba tare da sanarwa ba. Ban ga laifin hakan ba, haka ya kamata. Ya tarar da ni ina wanke kwalabe. Ya tambayi ɗaliba, na ce tana bakin aiki a gidan Malam Gambo, mijin Inna Kulu. Na goya shi a mashin muka je. Malam Gambo ya karɓe mu hannu bibbiyu, aka yi shimfiɗa a zaure, aka gaisa har aka tambayi damina da mutanen Ikara. Daga inda muke zaune muna jin muryarta ta bayan katanga tana yi wa mata bayanin sabon murfin kwalba, suna musu tana ba su amsa.

Malam Gambo ya shiga ya kira ta. Ta fito da hijabi, hannuwa duk mai, ta durƙusa ta gaishe da malaminta. Ya dube ta, ya dubi hannuwan, sannan ya tambaye ta a gaban dattijon ko shekara huɗun da ta yi a jami'a na tuyar ƙuli-ƙuli ne. Ta sunkuyar da kai. Na yi ƙoƙarin bayani, ya ce ya ji, amma ƙa'idar sashe ta ce a ga ɗalibi a teburin aikinsa, kuma shi bai ga tebur a nan ba, wurin aikin ma bai gan shi ba.

Ina so in yi wa Dakta Salman adalci. Mutumin Likoro ne, ya san gidajenmu kamar yadda na sani, shi ya sa ko da wasa bai ce a shigar da shi ba, mu ma ba mu yi masa tayi ba. Yana da sauran ɗalibai a Makarfi da Kudan, ga hadari ya taso. Bai yi ƙarya a rahotonsa ba, bai same ta a tebur ba. Ƙorafina shi ne sashe ya turo mace aikin cikin gidaje, sannan ya turo namiji ya gano ta, sannan ya ɗora wa yarinya laifin katangar da ke tsakani. Maganar da ya gaya mata kuwa ta yi mini ciwo, har yau tana yi mini, domin a gaban mutanen da take ƙoƙarin su girmama karatunta aka faɗe ta.

4. Batun tebur.

Muna da tebur, kada a ce ba mu bi ƙa'ida ba. Lokacin da muka nemi a riƙa turo mana ɗalibai, sashe ya gindaya mana sharaɗin allo mai suna a ƙofa da tebur da kujera. Muka sa kafinta a Makarfi ya yi tebur mai aljihu uku, muka sayo kujera mai juyawa daga Zariya, matan ma suka yi ta tambaya wane babban baƙo za a yi. Yanzu murafen kwalabe ke zaune a kan teburin, kujerar kuwa kyanwar mai shayi ta mallake ta. Ba raini ba ne, babu aikin da za a yi a kai ne.

Na san inda wasu 'yan ajinta suka yi nasu, don ita ta ba ni labari tun ba a kai ga haka ba, tana dariya. Akwai waɗanda aka tura manyan ofisoshi, suka yi wata huɗu suna sayo wa ma'aikata abinci suna cajin waya. Ranar da malami ya zo aka zaunar da su gaban kwamfuta, aka ɗauki hoto, daga baya na ji sun sami maki mai kyau. Ba na yi musu hassada, 'ya'yan mutane ne, Allah ya sa albarka. Amma idan aka saka wa wannan da maki aka saka wa Naja'atu da sifili, ɗaliban baɗi sun riga sun koyi darasin tun ba su shiga aji ba.

5. Zirga-zirgar da na yi.

Ranar 9 ga Satumba na zo Ikara, aka ce Shugaban Sashe yana taro. Na zauna a benci har aka kira azahar, sakatare ya ce in rubuto. Na rubuto. Ranar 23 ga Satumba na dawo, aka ce takardata tana wurin jami'in jarrabawa, jami'in jarrabawa ya ce wannan ba jarrabawa ba ce, in ga mai kula da aikin sanin makama, wanda shi ne Dakta Salman. Ya karɓe ni da mutunci, ya ce shi a ransa ba ya son yarinyar ta maimaita, amma abin ya bar hannunsa. Ranar 7 ga Oktoba na sake zuwa, aka ce ba a ga takardar tawa ba, in sake rubutowa. Masu gadin ƙofa yanzu da sunana suke gaishe ni, ɗaya ma ya tambaye ni ko digiri na biyu nake yi. Wallahi na gaji, ranka ya daɗe. Duk wanda na tarar mutumin kirki ne mai fara'a, kuma duk wanda na tarar abin ba a hannunsa yake ba.

6. An tambaye mu abin da muke so, mun faɗa.

A watan Nuwamban bara tsangaya ta gayyaci masu ɗaukar ma'aikata na yankin nan, Farfesa ya shugabanci zaman, aka ce mu faɗi irin ɗaliban da muke so a yaye mana. Mutumin banki ya ce wanda ya iya kwamfuta da gaske, ba a takarda ba. Wani dillalin taki daga Kudan ya ce wanda ba zai bari girman kansa ya hana shi hawa bayan mota ya duba buhuna ba. Ni na ce wanda ya iya gaisuwa, ya iya saurare, ya iya rubuta wasiƙa mai tsabta da Hausa da Turanci, kuma zai je inda ake yin kaya maimakon ya jira kaya su same shi. Na ƙara da cewa rabin sana'ar ƙasar nan a bayan zaure ake yin ta, kuma sashe yana yaye mata masu ilimi da za su iya shiga, amma yana tarbiyyarsu kamar dukansu banki za su. Aka tafa mini, aka ba mu lemo da cincin, muka watse.

Ba na raina abin da na koya a sashen nan. Ba don shi ba da ban iya tsara kasafi ko karanta yarjejeniya ba, kuma ina yi wa malamaina addu'a. Sai dai na fito da digiri ina tsammanin ofis mai sanyi yana jirana, na yi shekara biyu ina yawo da takardu a Kaduna da Kano kafin na dawo gida na tarar aikin yana nan inda na bar shi. Ɗalibi yana shiga sashen nan ne don ya sami takardar da za ta fitar da shi daga ƙauye, wanda ya gama yana fatan da an nuna masa abin da zai tarar a zahiri, mu kuma masu ɗauka muna neman mai amfani ran Litinin da safe. Naja'atu ce ta farko da na ga ta haɗa karatun da aikin ba tare da ta raina ɗaya ba, ita ce kuma aka kayar.

7. Halin da ake ciki yanzu.

Naja'atu ta koma Furana. Na je na gaishe da mahaifinta, Malam Zulkifilu, manomi ne, bai ce komai ba sai godiya da cewa Allah ya sa hakan ne alheri, abin da ya fi mini zafi da a ce faɗa ya yi. Ita kuwa ta gaya mini ba za ta maimaita ba. Ta ce ba ta da fuskar da za ta zauna aji ɗaya da ƙannenta a riƙa nuna ta ana cewa ga mai ƙuli-ƙuli. Ta kuma ce da ta sani da ta nemi inda ake zama kawai, kamar kowa. Wannan maganar ce ta sa na zauna rubuta wannan takarda, domin yarinyar da na sani a watan Yuni ba za ta faɗi haka ba.

A ɓangarenmu, sabuwar gyaɗa ta fara shigowa, lokacin aikinmu ke nan. Makon jiya mutumin Zariya ya bugo waya ya ce ya fara jin ƙauri a wasu kwalabe. Na koma tsayuwa a zaure ina ba mazaje saƙo. Inna Kulu ta aiko a tambaye ni wane laifi 'yarsu ta yi, kuma idan shaida ake so, su a shirye suke.

Abin da nake roƙo

Saboda haka, cikin ladabi da ƙanƙan da kai, ina roƙon Mai Girma Shugaban Tsangaya:

(a) Ya ba da umarni a jingine wannan sifili, kada a kai shi gaban majalisa ranar 30 ga Oktoba kafin a sake dubawa.

(b) Ya turo malama mace ta shiga ta gani da idonta. Na san akwai Malama Farida a sashen, kuma Inna Kulu ta ce ƙofarta a buɗe take kowace rana ban da Juma'a. Ƙungiya za ta zo ta ɗauke ta ta mayar da ita. Idan Malama ta shiga ta tambayi mata ta ga ɗalibar ba ta yi aiki ba, a bar sifilin, ba za a sake ganin ƙafata a matakalar tsangaya ba.

(c) Ya sa a gyara ƙa'idar, a rubuta wurin aiki a inda aka rubuta tebur, kuma duk ɗalibar da aka tura irin wurinmu a tura mace ta duba ta.

(d) Idan kuwa duk wannan ba zai yiwu ba, kuma lallai tebur ake so a gani, to ina roƙon a sanar da ni a rubuce, a sa rana. Zan je Furana in ba Naja'atu haƙuri har ta yarda ta zo. Zan kwashe murafen kwalabe, in kori kyanwa, in goge kujera, in aro kwamfuta a shagon caji. Za ta zauna daga safe har malami ya zo ya ɗauki hoto ya sa hannu. Zan yi haka ba tare da na ce uffan ba, domin digirinta ya fi mini ra'ayina. Ina dai so Farfesa ya sani tun yanzu cewa a duk zamanta da mu, wannan ce za ta zama rana ɗaya tilo da ba ta yi aikin komai ba, kuma a kanta jami'a za ta ba ta shaidar iya aiki.

Ina neman afuwa idan harshena ya yi kaushi a wani wuri, gajiya ce ba rashin kunya ba. Ina jiran amsar Farfesa kafin ranar zaman majalisa. Allah ya ƙara wa Farfesa lafiya da nisan kwana, ya yi masa jagora a wannan hukunci da sauran.

Naka mai biyayya, tsohon ɗalibinka,

Zakiyyu Lawal Gubuchi,
Manaja,
Ƙungiyar Albarkar Hannu, Gubuchi.

Kwafi zuwa ga:
Dakta Salman, Sashen Gudanar da Kasuwanci.
Malam Zulkifilu, Furana.
Inna Kulu, Shugabar Mata, ta hannun Malam Gambo.